Shekarar da Muka Kai Gero Paikon Kore

Ruwan farko na bana ya tare ni a Utako, nan Abuja, ina dawowa daga makarantar kuɗin da nake koyarwa. Na fake a rumfar wani kango. Da aka ɗauke, sai ga maigadin wurin, dattijo sa'ana, wanda ko bai yi magana ba hularsa ta gaya maka daga can arewa ya fito, ya ɗauko sungumi yana sara a ɗan filin da ke jikin katanga. Ya sara, ya zuba iri, ya take da diddige. Na leƙa tafin hannunsa. Gero ne. Har na buɗe baki zan gargaɗe shi, sai na tuna ni ma an taɓa yi mini wannan maganar, da Hausa mai kyau da marar kyau, ban ji ba. Na ce masa Allah ya ba da damina mai albarka, na wuce da abin da ya taso mini.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan. A lokacin ni malamin makaranta ne da ya gudu. Na ajiye alli na kama aikin kula da sito a wani kamfanin roba a Idu, domin albashin can ya fi na aji, kuma bokiti ba ya surutu in ka juya masa baya. Muna buga bokiti, baho, buta, kofuna da kwandunan wanke-wanke. Jiniya ke shigar da mu, jiniya ke fitar da mu. Alli ya bar hannuna amma sunan bai bar ni ba: daga mai shara har oga, kowa Tica yake ce mini.

Matata Hindatu kuwa tana da shago a kasuwar Utako, inda take sayar da kayan kamfaninmu da ’yan turamen atamfa saƙar gida. Wato ni da ita reshe ɗaya muka hau, muna ganin dabara ce. Muna zaune a Karmo, ciki da falo, da ’ya’ya biyu: Zainabu mai shekara bakwai, da Ummi da ba ta cika biyu ba.

Abin bai zo da ihu ba. Kwantenoni ne suka fara sauke bokitin waje, shara-shara kamar ɓawon albasa, launi kamar na alawa, a kuɗin da mu ko ɗanyen roba ba zai saya mana ba. Wutar lantarki ta zama baƙuwa, janareto yana shan mai kamar raƙumin da ya ga rijiya. Aka soke aikin yamma. Aka koma kwana huɗu a mako, sannan uku. A kasuwa mai saye zai ɗaga namu, ya ƙwanƙwasa, ya yaba kaurinsa, ya yi wa masu yin sa addu'a, sannan ya shiga shagon gaba ya sayi na waje.

Hindatu ta ce, “Malam, laifin bokitinku ɗaya ne. Ba ya fashewa. Wanda ya saya sau ɗaya sai dai ku haɗu a lahira.”

A tsakiyar bazara, ranar da kwalta ke kama takalmi, oga ya tara mu a gindin injin da aka kashe. Ya ce za a rufe na ɗan lokaci. Na koyar da auna lokaci a aji, daga daƙiƙa har ƙarni, amma ban taɓa gamuwa da ma'aunin da ya kai “ɗan lokaci” tsawo ba. Aka sallame mu da bokiti dozin bibbiyu, kowa ya ɗaura nasa a ka, muka fito a jere kamar masu kai lefen aljanu.

Bayan mako uku surukina, Malam Hudu, ya zo daga wajen Kazaure. Ya ce ziyara ce. Ya kwana biyu. Ya ga an jiƙa garin kwaki da rana, ya ga an sake jiƙa shi da la'asar an ba shi wani suna. Bai ce komai ba sai ranar tafiya, da na raka shi bakin titi ina riƙe da jakarsa, kaina a ƙasa.

“Malam Isiyaku.”

“Na'am, Baba.”

“Ni ban zo da faɗa ba. Talauci ba abin kunya ba ne, yunwar yara ce abin kunya. Na ba ka zuwa kaka. In kaka ta yi akwai hatsi a ɗakin nan, falillahil hamdu. In babu, ka aiko mini da ’yata da jikokina. Ba saki na ce ba. Ajiya.”

Na ce, “In sha Allahu ba za a kai ga haka ba.”

Ya ce, “To, Allah ya sa.” Ya karɓi jakarsa.

Daga ranar na san abin da nake nema a duniya: hatsi a ɗaki kafin kaka ta wuce. Na zaga ofisoshi da takardun malanta, aka ce a dawo. Na je wajen gini, suka dubi hannuna suka dubi gilashin idona, suka ce ba a neman akawu.

Sabi'u, foman ɗinmu, mutumin wajen Daura, shi ya kawo shawarar noma. Mu shida muka haɗu a gindin wani mangwaro. Ya ce dukkanmu ’ya’yan manoma ne, kamfani aro ne, fartanya gado. Bulus, mai tuƙa babban inji, ɗan kudancin Kaduna, ya ce a cocinsu akwai wanda kawunsa ke da fili a Paikon Kore, can wajen Gwagwalada, kuma tsohon yana ba da aron gona in za a ba shi dami bayan girbi. Aka zo kan me za a shuka. Doya tana son iri mai tsada da wata tara na haƙuri. Masara tana son taki. Sabi'u ya buga cinya.

“Gero! Kwana casa'in ya nuna. Ba ya son taki, ba ya son lallashi. Kuma nan ana ruwa tun Afrilu. Kafin mutanen gida su gama shuka mu mun ci tumu. Irin rumbun babana zan kawo.”

Bulus ya sosa ƙeya. “Oga Sabi'u, ni fa tun da na zo nan ban ga wanda yana shuka gero da ruwan farko ba.”

“Don ba su iya ba ne. Kai ma me ka sani ban da acca?”

Aka yi dariya. Aka juyo gare ni, tunda ni ne mai ilimi. Na yi abin da masu ilimi ke yi: na maimaita maganar mai ƙarfin murya da kalmomi masu nauyi. Na ce ai ƙasar da ta fi ruwa dole ta fi amfani. Na taɓa zana taswirar ruwan sama a allo, na ba yara maki a kanta. Ban taɓa tambayar kaina ranar da ruwan ke ɗaukewa ba.

Mai gonar, Baba Shekwolo, tsoho ne Bagwari, gajere, mai ƙafafu kamar saiwar gawo. Ya nuna mana fili a gefen wani rafi, jar ƙasa mai laushi wadda in ka damƙa take riƙe siffar yatsunka. Da ya ga buhun irin, ya ɗiba ya murza, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki.

“Wannan na ƙasar ku ne. Yana sauri. Zai nuna, ruwa bai gama ba. Ku jira. Nan muna yi dauro, muna dasa shi baya, yana nuna da rana.”

Sabi'u ya yi murmushin da ake yi wa yaro. “Baba, a bar wa Bahaushe gero. In doya ce za mu zo mu ɗauki karatu.”

Tsohon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “To. Gona naku ne.” Ya saɓa fartanyarsa ya tafi.

Jira kuwa shi ne abin da ba mu da shi. Wannan ita ce gaskiyar da nake ba kaina in na so sassauci. Ɗaya gaskiyar ita ce girman kai.

Muka kafa bukka da kara da tsohon tamfol. Muka shuka da ruwan farko, ƙasa na tururi, ƙamshinta na shiga har maƙogwaro. Sabi'u ya rataye wilin mota a reshe yana bugawa a madadin jiniya, har da hutun rabin sa'a. Mutanen ƙauyen da ke wucewa da itace a kafaɗa sukan tsaya su kalli manoman da ke jiran ƙararrawa kafin su sha ruwa. Hannuwan da suka saba da maɓallin inji suka yi kanta, kantar ta fashe, ta sake yi. Kwana biyar muke yi a gona. Abincinmu garin kwaki da ƙuli-ƙuli, wani lokaci mangwaron da iska ta kaɗo. Ran Juma'a mu biyar mu tafi masallaci Bulus ya yi gadi, ran Lahadi mu rama masa.

A gida Hindatu ta mayar da girki sau ɗaya, ta matsar da shi zuwa la'asar don ya tsaya wa rana da dare. Da safe ɗumame in an yi sa'a, in ba a yi ba ruwan zafi da ɗan sukari, wanda Zainabu ta raɗa wa suna shayin makafi. Damina ta taimaka da ganye: tafasa, rama, zogalen katangar maƙwabta. Hindatu takan fita da sassafe ta shiga motar Utako, ta buɗe shago, ta goge ƙurar bokitan da ta goge jiya, ta zauna. Maƙwabtanta duk sun juya zuwa kayan waje. Ita ba ta da jarin juyawa. Wata rana ta dawo ta ce cinikin yau buta ɗaya ne, ita ma wani ne ya ara ya yi alwala ya dawo da ita.

Amma geron! Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba na fatan in sake. Kafin mu gama maimai ya wuce kaina. Kara kamar rake, ganye har baƙi-baƙi don kore. Ya yi ciki, ya fitar da kai, zangarniya kamar damtsen ɗan dambe. Sabi'u yakan tsaya a bakin hanya ya riƙe ƙugu, in Baba Shekwolo ya zo wucewa ya ce, “Baba, yaya dauro? Ya tashi daga barci?” Tsohon ya ce, “Yana nan,” ya ɗaga kai ya dubi sama, ya wuce.

A watan Yuli muka gasa tumun farko. Na kai gida guda huɗu a cikin riga. Na murza wa Ummi a tafin hannu, na hure ƙaiƙayin, tana tsinta da yatsu biyu tana dariya, bakinta duk toka. Hindatu ta ci nata a hankali. A makon ne ta mayar wa mai shago makullinsa, muka kwaso sauran kaya a baro, amma ranar ba ta yi zancen ba. Ta ce, “Malam, in aika wa Baba cewa an ci tumu?” Na ce ta aika. Har na ƙara da cewa a gaya masa ya gyara wuri, zan aiko masa da dami.

Tsuntsaye ne suka fara zuwa. A gida kowa gero yake shukawa, tsuntsu ya ci nan ya ci can, ɓarnar ta rabu. A Paikon Kore kuwa, a duk faɗin ƙasar nan, gonarmu ce kaɗai ke da ƙwaya a wannan watan. Mun buɗe gidan abinci ɗaya tilo a garin mayunwata. Suna sauka kamar hayaƙi. Muka kwaso bokitan sallama muka kife su, muna duka da sanduna daga fitowar rana har faɗuwarta. Nan ne bokitinmu ya sami aikin da na waje ba zai iya ba: kwana goma yana shan duka bai tsage ba. Muryoyinmu ne suka tsage.

Sai marka ta sauka.

Wanda bai yi Agusta a ƙasar nan ba bai san ruwa ba. Ba hadari ba ne mai tsawa da zai zo ya yi faɗansa ya wuce. Yayyafi ne mai naci, sama ta yi fari fat kamar tsohon zane, a wuni a kwana a tashi da shi. Riga ba ta bushewa. Ashana ba ta kamawa. Gishiri ya zama ruwa a leda. Tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari ya dare. Gero kuwa ya nuna sarai, yana neman rana ta kwana bakwai kawai, abin da a Daura ko roƙo ba a yi. Muka jira kwana uku. Muka jira biyar. Iska ta kwantar da rabin gonar a cikin laka. Zangarniyar da ke tsaye ta fara baƙi daga sama, ta yi fumfuna mai gashi, in ka taɓa ta bar maka shuni a hannu.

Sabi'u ya ce a yanke. Muka yanka a cikin ruwa, muka ɗaura dammuna masu ɗiga. Bulus ya roƙi dattawan cocin ƙauyen suka ba mu baranda muka baza. Masallaci ma aka ba mu gefe. Muka hura wuta da ɗanyen itace muna kanga kawunan a hayaƙi, ido na hawaye, muna juyawa kamar masu ƙyafe kifi. A kwana na huɗu na ɗaga wani dami daga ƙasa, na ji shi da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Na buɗe. Ƙwayoyin sun tsira a jikin zangarniya, fararen saiwoyi sirara sun kama juna. Geron ya gaji da jiranmu ya shuka kansa.

Bulus ya zauna a dandamali. “Tica, shi ke nan ko?”

Sabi'u ya tsaya a bakin baranda, ruwan indararo na zuba masa a kafaɗa bai matsa ba. Can ya ce, ba da kowa yake ba, “Irin babana ne fa. Bai taɓa ba mu kunya ba.”

Baba Shekwolo ya zo da yamma da doya shida a kafaɗar matarsa, sabuwar haƙa, kowa ɗaya. Muka jira ya faɗi abin da ya cancanta ya faɗa. Da ya faɗa da mun sami wanda za mu ji haushi. Sai ya ce, “Dami nawa, ku bar shi. Baɗi in kun zo, zan nuna.” A bayansa ana hango gonarsa, dauron da aka dasa bai wuce gwiwa ba, yana shan ruwan da ya kashe mu.

Abin da muka sussuka muka sheƙe, rabona bai cika bokiti biyu ba, baƙi, mai warin tsohon ɗaki. Hindatu ta wanke shi sau uku, ta surfa, ta dama kunu, ta zuba tsamiya da yawa don ta rufe ɗacin. Zainabu ta sha don ta ga ina kallonta. Ummi ta sha ta amayar, ta kwana biyu tana gudawa, wuyanta ya yi laushi kamar na ɗan tsako. A asibiti ma'aikaciyar ta tambayi me aka ba ta. Hindatu ta ce kunu. Ma'aikaciyar ta dube ni, ta dubi gilashina da biron da ke aljihuna, ba ta ƙara tambaya ba.

Ban jira kaka ba. Ban jira Malam Hudu ya aiko ba. Ranar da aka sallami Ummi na ce wa Hindatu ta haɗa kaya.

Ta ce, “Wa'adin bai cika ba. Saura wata biyu.”

Na ce, “Me zai nuna a cikinsu?”

Ta jawo akwati.

Yanzu in na bi ta Idu ina ganin ginin kamfanin. An yi masa fenti. Sito ne na kayan waje, manyan motoci na shiga da baya, mutum huɗu da na'ura ɗaya ke aikin wurin. Layin shagon Hindatu kuwa rigunan waya ake sayarwa, masu babura na jiran a yi oda su kai. Ɗalibaina ba su san akwai lokacin da ake juya bokiti a ga sunan garinsu a gindi ba, ni ma ba na gaya musu, ba ya cikin manhaja.

A tashar Utako ranar ana yayyafi. Kwandasta na ihun Kano, Kano, saura mutum biyu. Na ɗora akwatin, na miƙa Zainabu ta taga. Hindatu ta goya Ummi, ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala.

“Me zan ce wa Baba?”

“Ki ce na gode. Ki ce zuwa baɗi ne, da zarar an buɗe kamfani.”

Ta dube ni irin kallon da take yi wa mai taya kaya da wasa. “Malam, ni ce fa. Ka ajiye wannan ka gaya wa Baba da bakinka.”

Kwandasta ya ce, “Hajiya, a shiga ko a sauka, oga zai biyo ki a baya!” Ta shiga. Ummi na barci, kumatunta a manne da bayan uwar, ban tashe ta ba.

Baɗin ta ɗauki shekara tara. Na yi gadi, na yi dako, na rubuta wa mutane takardun neman aikin da ni ma ban samu ba, kafin wata makaranta ta yarda ta karɓi tsohon mai gudu. Sai da Babbar Sallah ta biyu na iya zuwa Kazaure da abin da za a kira tsaraba. Na yi sallama a zaure. Zainabu ta rugo ta rungume ni. Ummi kuwa ta leƙo, ta koma bayan Malam Hudu ta riƙe rigarsa.

“Baba, wane ne wannan?”

Tsohon ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce, “Babanki ne. Baban Abuja.”

Sun dawo daga baya, mun sake zama ɗaki ɗaya, Ummi ta yi karatu a hannuna, yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, ko sau ɗaya. Kwanan baya ta zo gida, wayarta ta shige wani wuri, ta ce in kira ta. Na kira, ta yi ƙara a ƙarƙashin matashin da nake jingine, na ciro, na ga sunan da ke haske a fuskar wayar: Baban Abuja.

Na yi shekaru ina bin rubutun ’ya’yan mutane da jan biro. Na duba wannan da kyau, harafi bayan harafi. Ban ga abin gyarawa ba. Na miƙa mata.